Jirgin da ya kife ya ƙi miƙewa: nazarin abin da ya sami wani matuƙi a Tekun Kudu

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa Bafaranshe ne, matuƙin jirgin ruwa mai filafilai, wato irin jirgin da iska ke turawa maimakon inji. Shekarunsa 29 lokacin da ya shiga gasar Vendée Globe ta 1996. Dokar gasar gajera ce: mutum ɗaya a cikin jirgi, ya tashi daga garin Les Sables-d'Olonne a gaɓar yammacin Faransa, ya gangara Tekun Atlantika, ya shiga Tekun Kudu ya kewaye Antaktika ta kudancin Afirka da Ostareliya da Kudancin Amurka, ya komo inda ya tashi. Ba ya tsayawa a tashar kowa, ba ya karɓar taimakon kowa. Tafiyar ta haura kilomita 40,000, kuma a wancan zamani takan ci wata uku da rabi zuwa biyar.

Jirginsa tsoho ne. An ƙera shi don gasar farko ta 1989, shi kuma ya same shi ya gyara, ya rubuta masa sunan wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam. Yana cikin ajin jiragen da ake kira Open 60, masu tsawon ƙafa 60, wato mita 18.28. Jiragen wannan aji a lokacin faɗinsu kan wuce mita biyar, wasu har kusan shida. Ƙasan gangarsu, wato jikin jirgin, shimfiɗaɗɗe ne, rufinsu ma shimfiɗaɗɗe. Daga tsakiyar gangar wata siririyar ƙafa ke sauka cikin ruwa, zurfin da ya kai mita huɗu ko huɗu da rabi, a ƙarshenta kuma akwai dunƙulen dalma na wajen tan uku. A gefe da gefe akwai tankunan da matuƙi ke cika wa ruwan teku don ya danne ɓangaren da iska ke bugowa.

Sai an san abin da ke miƙar da jirgi idan ya karkata kafin a gane abin da ya faru da shi. Ƙarfi biyu ne ke aiki. Nauyin jirgi yana ja ƙasa daga wuri guda, cibiyar nauyi. Ruwa kuma yana turo jirgin sama daga tsakiyar ɓangaren gangar da ke nitse. Muddin jirgi na tsaye, wuraren biyu suna kan layi ɗaya. Da ya karkata, gefen da ya shiga ruwa sai ya ƙara nitsewa, turin ruwan ya koma can, nauyi kuma yana nan inda yake. Tazarar da ta buɗe tsakaninsu ita ce ke murɗo jirgin ya dawo tsaye.

Hanya biyu ake samun wannan tazara. Ta farko ita ce faɗi. Ganga mai faɗi, ko kaɗan ta karkata, turin ruwa ya yi nisa zuwa gefe, don haka da wuya iska ta kwantar da ita. Lissafin ma yana goyon bayan mai son faɗi: idan aka ƙara faɗin ganga da kashi 10 cikin 100, tsayuwar da siffar ke bayarwa takan ƙaru da wajen kashi 33. Hanya ta biyu ita ce nauyi a ƙasa. Siririn jirgi mai dalma da yawa yakan karkata da wuri, mai hawansa ya ji kamar ba shi da tabbas, amma duk yadda ya kwanta dalmar na ja, kuma ƙarfin jan nata ya fi yawa a lokacin da jirgin ke kwance a gefensa.

Faranti a kan ruwa ba ya rawa, amma idan ka kife shi haka zai zauna a kife. Kwalbar da aka zuba wa yashi a gindi aka toshe bakinta tana ta lilo, amma duk yadda ka juya ta sai ta miƙe. Kowane jirgi yana da kusurwar da idan ya wuce ta, ƙarfin da ke miƙar da shi ya ƙare, ya koma ƙarfin da ke ƙarasa kifar da shi. A nan za mu kira ta iyakar dawowa. Jirgin da ke tsaye yana kan digiri 0, wanda jigonsa, wato dogon sandan da ke riƙe filafilai, ya kwanta a kan ruwa yana kan 90, wanda ya kife sarai yana kan 180. Idan iyakar dawowar jirgi 150 ce, digiri 30 kawai igiyar ruwa za ta girgiza shi daga kife ya mirgino da kansa. Idan 110 ce, sai an ɗaga shi digiri 70.

1979 zuwa 1995: abin da aka riga aka sani

A watan Agusta 1979 guguwa ta afka wa gasar Fastnet a tekun da ke tsakanin Ingila da Ayalan. Jirage 303 suka tashi, 'yan gasa 15 suka rasu, fiye da jirage 70 suka ba da rahoton cewa sun kwanta har jigonsu ya shige ƙarƙashin ruwa ko sun mirgina gaba ɗaya. Masu bincike sun kwatanta jirage biyu masu kusan girma ɗaya. Contessa 32, siriri mai dalma da yawa, iyakar dawowarsa ta wuce digiri 150. Wani jirgin tsere na yayin lokacin, mai faɗi marar nauyi, tasa ba ta kai 120 ba. A ajin ƙananan jirage, wanda ya kammala gasar shi kaɗai Contessa 32 ne.

Gwaje-gwajen da aka yi daga baya a Jami'ar Southampton, da ƙananan samfura a cikin tankin ruwa, sun ƙara fito da abu biyu. Iska kaɗai ba kasafai take kifar da jirgi mai dalma ba. Igiyar ruwa mai fashewa ce ke yi, idan ta same shi ta gefe. Igiyar da tsayinta ya kai wajen kashi 30 cikin 100 na tsawon jirgi ta isa ta mirgina wasu, wadda ta kai wajen kashi 60 kuwa ba samfurin da ya tsaya mata. Siffar ganga ba ta hana mirginawa idan igiyar ta isa. Inda take bambanta jirage shi ne abin da ke biyo baya: wani ya miƙe cikin daƙiƙu, wani ya zauna a kife.

Duk da haka jiragen masu kewaya duniya su kaɗai suka yi ta ƙara faɗi, kuma wata dokar kariya ce ta taimaka wajen haka. An ƙayyade cewa idan aka tara duk nauyin da ke motsi a gefe guda, jirgi yana kan ruwa mai kwance, kada ya karkata fiye da digiri 10. Manufar ita ce a hana mutane ɗaukar ruwan danni fiye da kima. Amma mai zanen jirgi ya ga cewa ganga mai faɗi za ta ɗauki ruwa da yawa ba ta kai digiri 10 ba. Ƙarin ruwa na nufin ƙarin filafilai, ƙarin filafilai na nufin ƙarin gudu. Ga shi kuma ganga mai faɗi da shimfiɗaɗɗen ƙasa tana sulɓi a bayan igiyar ruwa idan iska na turowa daga baya, kuma yawancin tafiyar Tekun Kudu haka take. Dokar ta auna jirgi ne a digiri goman farko, ba ta ce komai a kan sauran 170 ba.

Alamu sun yi ta zuwa. A gasar 1989 jirgin Philippe Poupon ya kwanta a gefensa a kudancin Afirka ya ƙi tashi, sai da Loïck Peyron ya zo ya ɗaura masa igiya ya ja, aka kuma sare jigonsa na baya. A Nuwamba 1992 aka tsinci jirgin Ba'amurke Mike Plant a kife a Atlantika, dunƙulen dalmarsa ya cire, shi kuma ba a gan shi ba. Yana kan hanyarsa ce ta zuwa wurin tashin gasar. A ƙarshen Disamba 1994 igiyar ruwa ta mirgina jirgin Isabelle Autissier a kudancin Ostareliya a wata gasar dabam, sojojin ruwan ƙasar suka ɗauke ta.

Nuwamba da Disamba 1996

Ranar 3 ga Nuwamba 1996 jirage 15 suka tashi a hukumance, da na 16, na Raphaël Dinelli, wanda aka bari ya bi su ba a lissafa shi cikin gasa ba. Matuƙinmu bai yi nisa cikin Tekun Kudu ba allon juya akalar jirginsa ya lalace. Ya shiga Cape Town a Afirka ta Kudu ya gyara, wanda hakan ya fitar da shi daga lissafi, amma ya zaɓi ya ci gaba ya kammala zagayen. Wannan jinkiri ne ya bar shi a bayan ayari.

Ranar 25 ga Disamba jirgin Dinelli ya kife a kudu maso yammacin Ostareliya. Ya zauna a kife na awoyi. Karyayyen jigonsa ya huda rufi, ruwa ya cika ciki, sai a lokacin ya mirgino, amma ya riga ya zama abin nitsewa. Abin lura a nan shi ne ruwan da ya shiga ne ya miƙar da shi: ruwa mai kai da komo a cikin ganga yana rage tsayuwarta, ko tana tsaye ko tana kife. Baturen Ingila Pete Goss, a jirgi mai ƙafa 50, ya juya ya yi wajen mil 160 yana fuskantar guguwar. Igiyar ruwa ta kwantar da jirginsa ba sau ɗaya ba, kowane karo yana miƙewa. Ya ɗauki Dinelli ranar 27 ga wata.

4 zuwa 9 ga Janairu 1997

Kwana goma bayan kifewar Dinelli, wata guguwar ta sami matuƙinmu da wani ɗan gasar, Tony Bullimore, suna kusa da juna, wajen layin digiri 52 kudu a taswirar duniya, kimanin kilomita 2,500 daga gaɓar Ostareliya. Iskar ta haura kilomita 100 a awa. Ruwan wurin digiri kaɗan ne ya raba shi da daskarewa.

Igiyar ruwa ta mirgina jirgin matuƙinmu, jigo ya karye, jirgin ya dawo tsaye. A karon farko, ke nan, dalma ta yi aikinta. Amma jirgin da ya rasa jigo ya fi sauƙin mirginawa, ko da yake hankali zai ce akasin haka, tunda nauyin sama ya ragu. Dogon jigo yana sa jirgi jinkirin juyawa, kamar yadda duk abu mai tsawo ke da wuyar murɗawa farat ɗaya. Igiya mai fashewa duka ɗaya take yi ta wuce. Jirgi mai jinkirin juyawa yakan tsira kafin ya kai iyakarsa, marar jigo kuwa nan take yake bin ta. Haka kuma ba shi da filafilan da zai yi gudu ya juya wa igiyar baya, sai ya kwanta mata ta gefe.

Ranar 5 ga wata aka sake mirgina shi, wannan karon ya tsaya a digiri 180. Ƙafar tana nan, dalmar tana nan, a tsaye cak tana kallon sama. Teku na ta dukansa da igiyoyin da suka isa su kife shi tun farko, amma ba su isa su ɗaga shi ya wuce iyakarsa ya komo ba. Dalilin shi ne, a kife, rufin ne ya zama ƙasan jirgi, kuma rufin nan mai faɗi ne, shimfiɗaɗɗe, iskar da ke cikin gangar tana riƙe shi a saman ruwa. Dalmar da ke tsaye daidai kan tsakiya ba ta ja hagu ba ta ja dama. Sai an karkata jirgin sosai kafin nauyinta ya fita gefe ya rinjayi faɗin rufin.

Matuƙin ya fito. Kwalekwalen roba na ceto da yake da shi ya kuɓuce masa, ya koma kan bayan jirgin da ke kife, sanye da rigar kariya daga sanyi, yana riƙe da allon akala. Na'urorin neman agaji sun riga sun aika saƙo ta tauraron ɗan Adam. Jirgin saman sintiri na sojojin Ostareliya, samfurin Orion, ya gano shi ya jefa masa wani kwalekwalen roba, ya shiga ya zauna a ciki. Jirgin yaƙi HMAS Adelaide ya taso daga Fremantle a yammacin Ostareliya, ranar 9 ga Janairu jirginsa mai saukar ungulu ya ɗauke matuƙin.

A ranar ce kuma aka fito da Bullimore. Nasa lamarin dabam ne: ƙafar jirginsa ce ta karye ta faɗi, jirgin ya kife nan take, shi kuma ya yi kwana huɗu a cikin gangar, a wani lungu mai iska, har sojojin suka ƙwanƙwasa ya amsa. Ranar 7 ga Janairu, can gabas a Tekun Pasifik, na'urar jirgin Gerry Roufs, ɗan Kanada, ta daina aiko da saƙo. Yana na biyu a gasar a lokacin. An hango jirginsa a kife a watan Yuli 1997, aka sami ɓaraguzansa a gaɓar kudancin Chile a 1998. Shi ba a same shi ba. Cikin 15 da suka tashi a hukumance, shida suka kammala.

1997 zuwa Fabrairu 1999: abin da aka gwada

Cikin jiragen nan huɗu, na matuƙinmu ne ya fi tayar wa masu zanen jirgi hankali. Na Bullimore ana iya cewa ƙarfe ne ya karye. Na Roufs ba wanda ya ga abin da ya faru. Wannan kuwa an ɗauki hotonsa daga sama, lafiyayyen jirgi a kife da dalmarsa, ba abin da za a ɗora wa laifi sai siffar.

Matakan farko sun fi karkata ga ceton mutum bayan jirgi ya kife. An buƙaci ƙofar tsira a bayan jirgi, inda za ta kasance a saman ruwa ko yana tsaye ko yana kife. An raba ciki da bangaye masu hana ruwa wucewa. An shafa wa ƙafa da allunan akala fenti mai ƙyalli don a hango su daga jirgin sama. An sa kwalekwalen ceto inda hannu zai kai gare shi daga waje. Duk waɗannan sun yi amfani, amma ba ɗayansu da ke miƙar da jirgi.

A kan miƙewar kuwa shawarwari sun yi yawa. Wasu suka ce a ƙara dalma. Wannan yana ɗaga iyakar dawowa, amma yana ƙara nauyi, yana kuma ƙara wa siririyar ƙafar nan wahala, ita da ta riga ta fara karyewa. Wasu suka kawo shawarar jakar iska da za a hura a gefe guda na rufi don ta ɗaga shi. Wasu suka ce matuƙi ya shigar da ruwa ɗakin gaba da gangan, hancin jirgi ya nitse, faffaɗan bayan ya fita daga ruwa. Abin da ya faru da Dinelli bisa tsautsayi ke nan, a yi shi bisa tsari. Mafi yawan fata kuwa an ɗora shi a kan ƙafa mai lilo. Ita wannan ana maƙala ta ne a kan ƙarfen juyi, jak mai aiki da mai yana tura ta hagu ko dama. An ƙirƙiro ta don gudu, domin ta kai dalma ɓangaren da iska ke bugowa, amma an ga cewa idan jirgi ya kife, mutumin da ke ciki zai iya karkata ta, dalmar ta bar tsakiya ta fara ja.

A watan Afrilu 1998 hakan ta faru a zahiri. Jirgin Giovanni Soldini, ɗan Italiya, ya kife a Atlantika cikin guguwa, aka karkata ƙafar daga ciki, ya miƙe. Ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa, Andrea Romanelli, wanda ke waje lokacin da abin ya faru, ya ɓace a ruwa.

Sai kuma tsakiyar Fabrairu 1999, a Around Alone, wata gasar kewaya duniya ta mutum ɗaya a jirgi. Jirgin Isabelle Autissier yana da ƙafa mai lilo. Iskar ranar ba ta kai guguwa ba. Na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ta yi kuskure, jirgin ya juya, iska ta koma ɗaya gefen filafilai. Duk nauyin da aka tara don ya danne iska sai ya zamana yana gefen da jirgin ke faɗawa. Ya kwanta, ya wuce, ya kife, ya kuma zauna. Soldini ya juyo ya yi wajen mil 200, ya iske gangar a kife, ya jefa mata guduma. Autissier ta ji ƙarar ta fito ta ƙofar baya. Ƙofar tsira ta yi aikinta. Ƙafa mai lilo ita kaɗai, a kan jirgi mai faffaɗan rufi shimfiɗaɗɗe, ba ta isa ba.

1999 zuwa 2000: gwajin kifarwa

Ƙungiyar da ke kula da wannan aji, IMOCA, wadda matuƙan da kansu suka kafa a 1991, ta sauya abin da ake aunawa. An sa mafi ƙarancin iyakar dawowa, wajen digiri 125. An kuma ce ƙarfin da ake bukata a kife jirgi ya ninka wanda ake bukata a miƙar da shi sau biyar. Wannan sharaɗi na biyu shi ne ya taɓa siffar kai tsaye, domin ba ya barin mai zane ya sayi tsayuwa da faɗi kawai.

Abin da ya fi waɗannan lambobi nauyi shi ne gwajin da aka ɗora a kansu. A kai jirgi tashar ruwa, a cire jigo, matuƙi ya shiga ciki a rufe ƙofofi. Injin ɗaga kaya ya kama dalma ya ja ta sama har jirgin ya kife sarai, sannan a saki igiya. Daga nan ba mai taɓa shi daga waje. Matuƙin, yana tafiya a kan abin da ɗazu yake silin, sai ya miƙar da jirginsa da abin da ke ciki. Ruwan tasha kwance yake, ba igiyar da za ta taimaka, don haka jirgin da ya miƙe a nan ya miƙe ne da siffarsa da nauyinsa.

Masu zane suka amsa ta hanyar sauya rufi. Aka daina shimfiɗa shi. Aka yi masa doro daga gefe zuwa gefe, aka ƙara girman ɗakin da ke bisa. Idan irin wannan jirgi ya kife, a kan doron yake zama, ɗakin mai cike da iska yana ƙoƙarin tasowa, gefunan gangar kuma sun ɗan ɗaga daga ruwa. Jirgin ya zama marar natsuwa a kife. Da an karkata dalma, sai ya bi ta. Faɗin gangar bai ragu sosai ba, kuma dokar digiri 10 ta ci gaba da aiki shekaru bayan haka.

1999 zuwa 2003: sabon jirgi

Matuƙinmu bai bar teku ba. Ya sa aka zana masa sabon jirgi, ya tsaya a kan ƙirarsa, aka saka shi ruwa a 1999, a ƙarƙashin sababbin sharuɗɗan. Da shi ya shiga gasar da ta tashi ranar 9 ga Nuwamba 2000, cikin jirage 24. Ya sake ratsa ruwan da ya kusa cinye shi. Matsalar lantarki ta tilasta masa tsayawa a New Zealand, ya sake fita daga lissafi, amma ya gyara ya komo Les Sables-d'Olonne da jirginsa. A gasar, 15 suka kammala, Michel Desjoyeaux ya yi na ɗaya cikin kwana 93, Ellen MacArthur ta biyo shi, ba a rasa rai ba.

A 2002 zuwa 2003 ya kewaya duniya da jirgin a gasar Around Alone, ya zo na biyu bayan Bernard Stamm. Jirgin ya koma wasu hannaye daga baya, kuma a gasar Vendée Globe ta 2008 wani Ba'amurke ya sake kammala zagayen da shi.

Abin da lamarin ya nuna

Tun bayan Roufs ba a sake rasa rai a Vendée Globe ba. Ba daidai ba ne a ba siffar ganga wannan yabo duka. Hasashen yanayi da ke isa jirgi ya inganta ƙwarai, na'urorin tuƙi sun fi na da aminci, masu shirya gasa kuma sun riƙa sa iyaka ga nisan da za a gangara kudu. Waɗannan sun rage yawan haɗuwa da igiyar da ke kifarwa. Amma tambayar da jirgin matuƙinmu ya tayar ita ce me zai faru bayan an kife, kuma a nan gyaran rufi da gwajin tasha ne suka ba da amsa.

A ganina babban kuskuren shekarun 1990 yana wurin abin da aka zaɓa a auna. Ilimin yana nan tun 1979, a rubuce, da lambobinsa. Masu zanen jiragen ƙwararru ne, sun san abin da faɗi ke yi. Amma doka ta tambaye su abu ɗaya, digiri goma, suka ba ta amsa mafi gudu. Matuƙan ma suna da dalilin amincewa da jiragensu, domin jirgi mai faɗi yana ba mai hawansa natsuwa kowace rana ta tafiya: ba ya kwanciya, yana ɗaukar filafilai, yana gudu. Raunin ba ya bayyana sai a ranar da ba a iya gyara shi. Shi ya sa nake ganin gwajin kifarwa ya fi duk sauran matakan daraja. Ya kawo wannan rana cikin tasha, gaban mutane, inda jirgin da ya ƙi miƙewa za a iya ɗaga shi a mai da shi wurin maƙera, mai shi kuma ya fito da ƙafafunsa.

Ƙafa mai lilo ta cancanci yabo rabi. Ta miƙar da jirgin Soldini, ta kasa miƙar da na Autissier, kuma a ranar da jirgi ya juya ba shiri tana cikin abin da ke taya shi faɗuwa. Amfaninta ya tabbata ne bayan an haɗa ta da rufin da ba ya son zama a ruwa.

Akwai kuma abin da gwajin bai taɓa ba, wato lamarin Plant da na Bullimore. Duk lissafin iyakar dawowa yana tsaye ne a kan cewa dalma tana nan. Ranar 6 ga Janairu 2009 jirgin Jean Le Cam ya rasa dunƙulen dalmarsa wajen mil 200 yamma da Cape Horn, ƙarshen Kudancin Amurka, ya kife, ya zauna a kife har Vincent Riou ya zo ya ɗauke shi. Ranar 3 ga Fabrairu 2013 jirgin Javier Sansó ya rasa ƙafarsa a Atlantika ya kife, jirgi mai saukar ungulu na Fotugal ya ceto shi. Jiragen biyu na zamanin sababbin dokoki ne, amma doron rufi ba ya miƙar da ganga mai faɗin mita biyar da rabi idan ba nauyin da zai ja ta. A 2013 ƙungiyar ta karɓe zanen ƙafar daga hannun masu ƙera jirage, ta ce kowane sabon jirgi zai ɗauki iri ɗaya, ta ƙarfe zalla da aka ƙera daga dunƙule guda.